Wutar da Ba a Yarda Ta Mutu Ba: Hasumiyoyin Fitila na Gaɓar Sikotilan

A wani daren Disamba na 1810, jiragen yaƙin Birtaniya guda biyu, Pallas da Nymphe, suna kan hanyar komawa gida ta Tekun Arewa sai suka hango wuta can gabansu. Matuƙan suka ɗauka wutar Tsibirin May ce, wadda ke nuna bakin mashigin ruwan da ke kaiwa birnin Edinburgh, suka daidaita tafiyarsu a kanta. Ashe wani murhun toya farar ƙasa ne ke ci a gaɓa kusa da garin Dunbar. Kafin gari ya waye jiragen biyu sun hau duwatsu. Da wuya a ɗora wa matuƙan laifin duka, domin abin da ake kira fitilar May a wancan zamani tulin kwal ne kawai da ake hurawa a kan rufin wani gini, kuma daga nesa ba abin da ya bambanta ta da kowace wuta. Mai son fahimtar hasumiyoyin fitila da suka jeru a gaɓar Sikotilan, waɗanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka hoto a yau, daga nan ya kamata ya faro. An saba ba da labarinsu a matsayin labarin gwanintar magina, musamman zuriyar Stevenson. Gwanintar kam akwai ta. Amma a ganina abin da ya raya waɗannan fitilu fiye da shekara 200 shi ne an warware tambayoyi biyu da ba su da daɗin ji a labari: wa zai biya kuɗin mai, kuma wa za a kama idan wuta ta mutu.

Sikotilan ita ce arewacin tsibirin Birtaniya, kuma gaɓarta ba ta da sauƙi. Tana da tsibirai sama da 700, ga duwatsu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ga hazo, ga iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika ba abin da ya tare ta. A tsakiyar hunturu, hasken rana a tsibiran Shetland bai kai awa shida ba. Sannan akwai wata ɗabi'ar teku da wanda ya saba da kogi ko tafki bai cika sani ba: sau biyu a kowace rana ruwan yana cikowa ya rufe gaɓa, sa'an nan ya janye. Dutsen da matuƙi ya gani tsirara da hantsi, kafin la'asar ya nutse, ba abin da ya rage sai ɗan kumfa a samansa, da dare kuwa ko kumfan ba a gani. Jirgin da iska ke turawa ba shi da birki. Abin da matuƙinsa ke buƙata shi ne ya san inda yake tun da sauran nisa, kuma ya san cewa alamar da ya dogara da ita tana nan yau kamar yadda take jiya. Fitilar da ke ci yau ta mutu gobe ta fi duhu haɗari, domin a duhu matuƙi yana taka-tsantsan, amma in ya sa ran ganin wuta bai gani ba, sai ya ɗauka bai iso wurin ba tukuna, ya ci gaba da tafiya. A wannan sha'ani, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wutar May, wadda aka fara hurawa a 1636, ita ce ta farko ta dindindin a ƙasar, kuma mallakar masu tsibirin ce. Sarki ya ba su izinin karɓar kuɗi daga jiragen da ke wucewa. Tana cin kwal tan ɗaruruwa a shekara, kuma lokacin da aka fi buƙatarta ne ta fi gazawa: in ruwa ya sauko sai ta yi hayaƙi, in iska ta kaɗa daga teku sai ta karkata harshen wutar zuwa wajen da ba jirgi. A Janairun 1791 tururin tokar da aka daɗe ana tarawa a gefen ginin ya shiga ɗakin kwana, ya kashe mai tsaron wutar, George Anderson, da matarsa da 'ya'yansu biyar. Jaririya ɗaya kawai aka samu da rai. Masu tsibirin suna karɓar kuɗinsu ko wutar ta yi kyau ko ba ta yi ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan ba wanda ke da ikon tilasta askin.

Canjin ya fara ne a 1786, bayan munanan guguwar da suka halaka jirage a farkon shekarun 1780, lokacin da majalisar dokokin Birtaniya ta kafa Hukumar Fitilun Arewa. Wakilanta ba 'yan kasuwa ba ne masu neman riba. Manyan lauyoyin gwamnati ne da alƙalan gundumomin gaɓa da shugabannin birane. Doka ta ba su ikon karɓar haraji daga jirage gwargwadon girmansu, kuma rarar da aka samu ba ta shiga aljihun kowa, ana gina wata fitilar da ita. Injiniyansu na farko, Thomas Smith, maƙerin fitilu ne a Edinburgh wanda ya yi aikin fitilun titi. Cikin shekara uku ya kunna huɗu: Kinnaird Head a 1787, wadda aka ɗora a kan wata tsohuwar fada, Mull of Kintyre a 1788, sai North Ronaldsay da Eilean Glas a 1789. Maimakon kwal a sarari, ya sa fitilun mai a cikin ɗakin gilashi, da madubai a bayansu masu turo hasken zuwa teku. Ba wani abin al'ajabi ba ne, amma suna ci kowane dare.

Gwajin gaske shi ne dutsen Inchcape, wanda aka fi sani da Bell Rock, kimanin mil 11 daga garin Arbroath, daidai kan hanyar jiragen gabashin ƙasar. In ruwa ya ciko, dutsen yana nutsewa mita uku zuwa huɗu. In ya janye, sai ya bayyana na 'yan awoyi. Robert Stevenson, agolan Smith kuma magajinsa a aiki, ya daɗe yana cewa za a iya gini a kansa, ana yi masa kallon mai mafarki. Guguwar Disamban 1799 ta halaka jirage kusan 70 a wannan gaɓa, duk da haka ƙudirin farko da aka kai majalisa a 1803 bai tsallake ba, saboda rigima kan waɗanda za su biya harajin. Sai da jirgin yaƙi York ya ɓace da dukkan mutanensa a 1804, ana kyautata zaton a kan wannan dutse, sannan aka amince a 1806. Wannan jinkiri ma kansa hujja ce: dabarar ginin tana nan tun da aka gama hasumiyar Eddystone a kudancin Ingila a 1759, abin da ya yi saura shi ne kuɗi da yarjejeniya.

Aikin ya fara a 1807. Maginan suna kwana a jirgi, su shiga ƙananan kwale-kwale su sauka a dutsen da zarar ruwa ya janye, su fara kwashe ruwan da ya taru a ramin harsashi kafin su sa guduma. Maƙeri yana gyara bakin kayan aiki a tsaye cikin ruwa, sau da yawa tekun ya kashe masa wuta kafin ya gama. Awa biyu ko uku, sai a tattara a gudu. Da lokacin sanyi ya shigo ba a aiki sam. Daga baya suka kafa wani ɗakin katako a kan dogayen ƙafafu a gefen ginin, suna kwana a ciki igiyar ruwa tana wucewa ƙarƙashinsu. Duwatsun ginin kuwa a Arbroath aka sassaƙa su, kowanne da kunnuwa da ramukan da za su shige cikin na maƙwabcinsa, a gwada jera su a tudu kafin a ɗora su a jirgi, domin a tsakiyar teku ba lokacin gyara kuskure. Wani doki guda mai suna Bassey ne ya ja su daga wurin sassaƙa zuwa bakin ruwa. Kusan mita tara na ƙasan hasumiyar curi ne, ba ɗaki ba ƙofa, an faɗaɗa gindin ya lanƙwasa ta yadda igiyar ruwa za ta hau shi ta rasa ƙarfi maimakon ta dake shi kai tsaye. Tsayinta mita 35, wato ta ninka hasumiyar Gobarau ta Katsina har da ɗori. An kunna ta ranar 1 ga Fabrairun 1811, tana juyawa tana ba da ja da fari bi da bi, don kada wani ya rikita ta da wata wuta. Har yau ba a sake duwatsunta ba, kuma ita ce mafi tsufa a duniya cikin hasumiyoyin da teku ke wanke gindinsu waɗanda ke tsaye.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin ai ya rusa abin da na faɗa da farko, tunda hazaƙar mutum ɗaya ce ta tsayar da Bell Rock. Kuma zuriyar ta ci gaba da nuna hazaƙar. Ɗan Robert, Alan, ya gina Skerryvore tsakanin 1838 da 1844, mita 48, mafi tsayi a ƙasar, a kan dutsen da guguwa ta share ɗakin kwanan ma'aikata gaba ɗaya a Nuwamban shekarar farko. Ƙannensa David da Thomas suka gina wasu da dama, kuma jikan Robert, David Alan, ya riƙe muƙamin injiniyan hukumar har 1938. Ko wanda ya guje wa sana'ar gidan, Robert Louis Stevenson, ya yi suna a duniya da rubutun littattafai. Sai dai akwai abin da wannan jerin sunaye ke rufewa. Ko a Bell Rock, babban injiniyan da hukuma ta naɗa shi ne John Rennie, Stevenson mataimakinsa ne da ke wurin aiki, kuma iyalan biyu sun daɗe suna jayayya kan wanda ya cancanci yabo. Gilashin da ya kawo sauyi na gaske a harkar, wanda ke tattara hasken lagwani ɗaya ya mayar da shi tsinin haske mai kaiwa mil da yawa, Bafaranshe Augustin Fresnel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara amfani da shi a Faransa a 1823. Alan ya je ya koyo ya sa shi a Inchkeith a 1835. Abin da 'yan Stevenson suka samu wanda wasu gwanaye ba su samu ba shi ne ubangida guda da ba ya mutuwa, mai samun kuɗi kowace shekara, mai ba da aiki bayan aiki. Kuskuren da aka yi a wannan dutse sai a gyara a na gaba. Cewa gida ɗaya ya riƙe kujerar kusan shekara 150 ba abin alfahari ba ne kacokan. Akwai ƙamshin gado da son kai a ciki, kuma ba mamaki an rufe wa wasu masu basira ƙofa. Abin da ya hana shi zama ɓarna shi ne aikin ba ya ɓoyuwa: hasumiya ko ta tsaya ko ta faɗi, kuma kowane matuƙi shaida ne.

Suka mafi ƙarfi daga masana tattalin arziki ta zo. Shekara da shekaru suna kafa misali da hasumiyar fitila a matsayin abin da dole gwamnati ta yi, tunda ba yadda za a hana jirgin da bai biya ba ganin haske. Sai Ronald Coase ya rubuta wata maƙala a 1974 yana nuna cewa a Ingila mutane masu zaman kansu sun gina fitilu da yawa, sun kuma ci riba. Gaskiya ne. Amma in aka duba yadda suka ci ribar, sai a ga kowannensu yana riƙe da takardar izinin sarki, kuma a tashar jirage ake karɓa masa kuɗin da ƙarfin doka, galibi ta hannun ma'aikatan kwastan. Wato hukuma ce ke tilasta biya, ɗan kasuwa kuma ya kwashe. Sakamakon shi ne haraji mai tsada da haske mai rauni, har majalisa ta yi doka a 1836 a saye su duka a miƙa wa hukumar Trinity House. Ta ƙarshe, Skerries da ke gaɓar Wales, sai da aka biya sama da fam 440,000 a 1841 kafin masu ita su saki. A Sikotilan ma, bayan haɗarin Pallas da Nymphe, hukumar ta sayi Tsibirin May a 1814 kan fam 60,000. Gina Bell Rock gaba ɗaya, da jirage da magina da shekara huɗu na fama da teku, ya ci kimanin fam 61,000. Kuɗin da aka biya don a karɓe tulin kwal daga hannun mai shi ya kusa daidai da kuɗin ginin da ya fi kowanne wuya a zamaninsa.

Dutse dai ba ya kunna kansa. A manyan fitilu mutum uku ne ke tsaro, shugaba da mataimaka biyu, suna karɓa-karɓa cikin dare. Mai tsaro yana datse lagwani don kada ya yi baƙin hayaƙi, yana cika mai, wanda da farko na manyan kifayen teku ne, daga baya na tsirrai, sa'an nan kananzir. Gilashin, mai nauyin tan da yawa, wani nauyi ne da ke sauka a hankali ta tsakiyar hasumiyar yake juya shi, kamar injin agogon bango, kuma sai an riƙa murɗa shi sama da hannu a kai a kai. A wasu wuraren an ɗora gilashin a kan kwanon zaiba, har yatsa ɗaya zai iya tura shi. Saurin juyawar ba abin wasa ba ne, domin kowace fitila tana da irin ƙyaftawarta da aka rubuta a littafin matuƙa. In ta yi jinkiri, ta zama wata fitilar daban a idon mai kallo daga teku. Da safe a goge gilashi, a goge tagulla, a ja labule don kada rana ta bi ta gilashin ta tada gobara, a rubuta yanayin iska a rajista. Wanda aka kama yana barci a bakin aiki korarsa ake yi. Masu duba aiki kuma suna iya sauka ba sanarwa.

Wannan tsari yana da tsada a kan mutane, bai kamata a ɓoye ba. A fitilun tsakiyar teku, mutum yakan yi makonni bai ga iyalinsa ba, in teku ya yi fushi makonnin su ƙaru. A Disamban 1900, a tsibiran Flannan da ke can yamma, wani jirgi da ke wucewa ya lura fitilar ba ta ci. Da jirgin hukuma Hesperus ya samu isa ranar 26 ga wata, bai tarar da kowa ba: James Ducat da Thomas Marshall da Donald McArthur duk sun ɓace, ba a kuma ga gawarsu ba. Mutane sun yi ta ƙulla tatsuniyoyi a kai har yau, amma binciken da jami'in hukumar Robert Muirhead ya yi ya nuna ɓarnar igiyar ruwa a mashigin yamma har sama da mita 30 daga teku, ya kuma yanke cewa sun fita tsare kayan aiki ne ruwa ya kwashe su. An tarar da fitilar a goge, an cika mata mai, tana jiran a kunna. Doka ta ce mutum ɗaya ya zauna a ciki ko me ake ciki, kuma rigar ruwa ɗaya da aka samu a rataye ta nuna na ukun ya fita a gaggauce. Nan take aka bar wasu mutane a tsibirin su kunna fitilar.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ba don tausayin rayuka aka yi shi ba, don kasuwanci ne da yaƙi. Suna da hujja. Muckle Flugga, wadda ta fi kowace nisa a arewacin Birtaniya, an kafa mata fitilar wucin gadi cikin gaggawa a 1854 saboda jiragen yaƙi a lokacin yaƙin Crimea, ta dindindin kuma ta fara aiki a 1858. Haka kuma ba kowa ne ya yi murna da fitilun ba. A wasu tsibiran da ba bishiya, jirgin da ya fashe shi ne tushen katako da igiya da tufafi, kuma an rubuta cewa wasu mazauna Orkney sun ga fitilu a matsayin abin da ya toshe musu hanyar samu. Niyyar masu biyan harajin ba ta sadaka ba ce, kayansu suke karewa. Sai dai haske ba ya tambayar takarda. Masunci a ƙaramin kwale-kwale, da jirgin baƙi da bai taɓa tsayawa a tashar Birtaniya ba, duk sun amfana da abin da manyan jirage suka biya. Abin da masana ke kira matsalar masu cin bulus, a wannan gaɓa shi ne babban alherin tsarin.

Masu tsaro sun tafi yanzu. An mayar da Bell Rock mai aiki da kanta a 1988, Skerryvore a 1994, Muckle Flugga a 1995, kuma ranar 31 ga Maris 1998 mutanen ƙarshe suka bar fitilar kudancin Fair Isle. A 2005 aka daina busa jiniyar hazo. Hukumar tana nan da fitilu sama da 200 a Sikotilan da Tsibirin Man, da yawa suna aiki da hasken rana, ana sa musu ido daga nesa ta na'ura, jiragenta kuma suna zagayawa gyara. Har yanzu harajin jiragen kasuwanci ne ke ɗaukar nauyinsu. Masu jiragen kan yi ƙorafin cewa tunda tauraron ɗan adam yana gaya wa matuƙi inda yake, me ya sa za su biya kuɗin fitila? Amsar tana cikin abin da ake gani a Tekun Baltik da Baƙin Teku a 'yan shekarun nan, inda ake toshe saƙon GPS ko a gurɓata shi har na'ura ta nuna jirgi a inda ba ya nan. Matuƙin da allonsa ya yi masa ƙarya yana buƙatar abin da zai gani da idonsa ya ƙirga ƙyaftawarsa.

Duk da haka, tsarin da ya raya waɗannan gine-gine shi ne kuma ke yanke musu hukunci. Kuɗin harajin don tsaron jirage ne, ba don adana tarihi ba. Duk bayan shekara biyar hukumar tana sake duba waɗanne fitilu ake buƙata, kuma wadda aka ga ba ta da amfani ana kashe ta. An sayar da gidajen masu tsaro da dama, wasu sun zama masaukin baƙi. Kinnaird Head, ta farko da Smith ya kunna, ta yi sa'a: da aka kafa sabuwar fitila kusa da ita a 1991, tsohuwar ta zama gidan tarihi a garin Fraserburgh, da gilashinta da injinta yadda masu tsaro suka bar su. Tana cikin gari ne, baƙo zai iya zuwa da mota ya biya kuɗin shiga. Hasumiyar da ke kan dutse mil goma sha ɗaya cikin teku ba ta da wannan mafita. Muddin tana cikin jerin fitilun da jirage ke buƙata, za a aika mata da fenti da masu gyara, ranar da aka cire ta daga jerin kuwa, sai an nemo wani da zai biya kuɗin jirgin da zai kai su.